Gemun Malam da Jihohi Uku

"...da gajiyar jiya? Au, ashe har yanzu kina nan? Na zaci layin zaɓe ya ƙarasa mana ke."

"Ina nan daram, mijin wahala. Sai na ga bayan gemun nan naka. Ina saƙona?" in ji Kaka.

Jikan nata malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare. Tun da aka fara kamfen ya manna taswira a bangon falo, ya bi jihohi da biro: ja na Mai Tabarau, shugaba mai ci, shuɗi na Dogo, mai neman kujerar. Shekara uku yana kiwon gemu da mai da mataji, kuma yana sonsa har cikin ransa. To, baki shi ke yanka wuya. Mako guda kafin zaɓe ya zagaye jihohi uku a gaban 'yan gida, ya ce ko makaho ya san inda za su faɗa, in ukun duka suka saɓa masa a aske gemun. Kaka ta ce ta ji. In ko ɗaya ya ci, ita kuma ta haƙura da rediyonta mai tashin gida tun asuba.

Yau da hantsi ake fara faɗin sakamako, ta aike shi kanti. Ya zube mata saƙon a kan tebur.

"Ga batir. Ita kuma rezar ta mece ce? Farcenki ai sai zarto."

"Ajiye ta nan kusa. Kai ka zaɓo ta da hannunka?"

"Mai kaifin ciki ma na ce a ba ni."

"Allah ya yi maka albarka. Ɗora mana ruwan ɗumi."

Sai a lokacin ya gane abin da ya sayo. Ya shafa haɓa, ya daure ya yi dariya.

"Tsohuwa, ke da ko gilashinki sai an nemo miki a kan goshinki, ke ce za ki hango jihar bakin teku? Mai Tabarau ya gina musu tashar jirgi. Ina da alƙaluma."

"Ni kuma ina da gwiwa. Ta hagu ta kwana tana zogi, Dogo ke nan."

"Ta daman fa?"

"Ta dama 'yar adawa ce, ba ma shiri."

Ta sa batir, ta buga wa rediyon tafi biyu a ƙeya kamar yadda ta saba, ya kama. Ba a jima ba mai shela ya karanto jihar bakin teku: Dogo, da rata mai faɗi.

"Maguɗi ne," in ji Malam.

"Tun yanzu? Ka adana kukan, rana na gaba."

"Jihar ma'adinai ba ta taɓa barin jam'iyya mai mulki ba tun kina budurwa, wato tun kafin a ƙirƙiro taya."

"Ina budurwa irinka goma na kora, kuma duk gemunsu ya fi wannan burushin goge takalmin."

"Kishi kike yi, don naki bai wuce gashi uku ba."

"Uku masu albarka. Kowace jiha da nata."

Ana haka rediyo ya sake gyara murya. Jihar ma'adinai ma ta bi Dogo. Malam ya miƙe, ya tsaya gaban taswira yana kallonta kamar ta ci amanarsa. Yanzu kam tsoro ya kama shi da gaske. Ya hango kansa ranar Litinin a gaban aji, haɓa fayau, ɗalibai arba'in suna danne dariya.

"An ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka shafa wa naka ruwa," in ji Kaka. "Kai naka ne ya kama. Ruwan ya yi ɗumi?"

"Saura ɗaya. Jihar da aka haifi Dogo ce, can aka binne cibiyarsa, shi ya sa na ba shi ita. Yau rediyon nan a ɗakina zai kwana, in cire masa hanji."

"Wa ya san halin mutum irin 'yan garinsu? Kai nan gidan, ko shugaban masu wanke kwano ka tsaya, ƙuri'a nawa za ka samu?"

"Taki ai tawa ce, amarya."

"Tawa ta lalace a akwati."

Kaka ta ƙara muryar rediyo. Mai shela ya yi ta jan lissafi, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, sannan ya sauke: 'yan garin Dogo sun juya masa baya, Mai Tabarau ya lashe jihar.

Malam ya zauna a ƙasa. Ya ɓare rezar da kansa, ya miƙa mata, ya ɗaga haɓa.

"Yanka. Amma kafin nan ki gaya mini gaskiya. Wa ke kawo miki labari? Kar ki ce gwiwa."

"Kai."

"Ni?"

"Bangon ɗakinmu ɗaya, kuma kana bitar hasashenka da ƙarfi. Duk inda ka ce ja, sai in ce shuɗi; inda ka ce shuɗi, in ce ja. Tun kana ɗan firamare nake amfani da kai. Ka ce ba za a yi ruwa ba, in kwashe shanya. Ka ce motar nan mai lafiya ce, in jira ta baya. Ba ka taɓa ba ni kunya ba."

"Shekara talatin ke nan ina miki aiki ban sani ba?"

"Har da bara, a asibiti." Ta sassauta murya. "Ina kwance, kun zaci ba na ji. Na ji ka a bakin ƙofa kana kuka, kana ce wa uwarka tsohuwar nan ba za ta tashi ba. Nan na ce alhamdulillahi, na warke. Washegari na nemi shayi."

Bai taɓa sanin ta ji ba. Kunya da tausayi suka taso masa tare, idonsa ya ciko, ya sunkuyar da kai. Kaka ta kama gemun ta ja shi sama, ta duba ta wannan gefe, ta duba ta wancan, sannan ta mayar da rezar cikin takardarta ta cusa masa a aljihu.

"Bar shi. Ina tsoron kar basirar a cikinsa take. To, malamin duba, ya ka ga lafiyata bana?"

Ya share ido da bayan hannu, ya ƙare mata kallo daga sama har ƙasa.

"Ke? Ai ba za ki kai baɗi ba."

Ta tuntsure da dariya har rediyon ya zame daga cinyarta.

"Madalla. Je ka ƙaro batir, dozin guda."