Sunan da Na Ɗauko Daga Radiyo

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan ɗana na fari ba, ko da yake na so in manta. Lokacin ina koyarwa a lakkwal, wato makarantar boko ta garin Sarkin Hausa, zaɓen gwamna na wata jihar Nijeriya da ke maƙwabtaka da mu ya shiga kaina kamar ni za a rantsar. (Ni fa ɗan Nijar ne. Ba ni da ƙuri'a a can, namu gwamnan ma daga Yamai ake naɗo shi.) Amma na zaɓi gwanina, kullum ina cika baki a wurin shan shayi cewa ya gama ci.

Ana gobe suna Inna ta kira ni ɗakinta. Shekara biyu ke nan da rasuwar mahaifina. Ta ce, "Mushe," don ita ma sunan malanta take kirana da shi, "ka maido muna da mai gidan ga." Na ce to.

Da safe radiyo ta ce gwanina na kan gaba a sakamakon farko. Kaina ya ɗau zafi. Da liman ya tambaye ni suna, sai na raɗa masa na ɗan takara. Aka shafa fatiha, maroƙi ya shelanta, aka yanka rago, ni kuwa sai fankama nake.

Da la'asar, ƙofar gida cike da baƙi, na ƙure muryar radiyo da hannuna don kowa ya ji. Gwanina ya sha kaye, kayen ma ba na wasa ba. Wani tsoho ya ce, "Mushe, to shi jinjirin mi ya yi maka?" Aka kwashe da dariya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Dariyar ba ta dame ni kamar shirun Inna ba. "Allah shi raya" kaɗai ta ce. Na ƙudura ɗa na gaba zai ci sunan babana, sai Allah ya ba ni 'ya'ya mata uku a jere, Inna kuma ta rasu ba ta ji an kira sunan ba. Wannan har yau yana cin raina.

Yaron ya girma, "Gwamna" ake tsokanarsa da shi, ɗan takarar kuwa bai san muna duniya ba. Abin da na koya, a makare: in uwa da radiyo suka yi magana, a kashe radiyon.