Gwaibar da Ba Ta Shan Ruwa

Ba zan taɓa mantawa da ranar sadakar arba'in ɗin matata Hajo ba, kuma ba don kuka ba. Don kunya.

Shekara goma sha ɗaya kafin rasuwarta na sayi dashen gwaiba a kasuwar Talata Mafara, wajen wani dattijo mutumin Janbako. Da zai miƙo mini ya ce, "Wagga ba ta son ruwa da yawa." Ni kuwa na ji rabin maganar. Na dasa ta a gidanmu na Bakura, jikin katanga, na yi mata ban-ruwa kwana uku, na manta da ita.

Gwaibar nan ta tashi shar. Ko a tsakiyar bazara, lokacin da ganyen kowa ya ƙone, tawa kore take. Daga nan na zama malamin gwaiba a majalisarmu ta ƙofar gida. (Ni da ko albasa ban taɓa nomawa ta yi kai ba. Aikina gadin makarantar firamare ne.) Duk wanda ya yaba, sai in gyara zama in ce, "Sirrin shi ne kada ka ba ta ruwa. Ruwa ke lalatar da icce."

Abokina Malam Isa, mutumin Morai, ya karɓi iri a wurina sau biyu. Ya bi karatuna sau biyu. Sau biyu tana bushe masa. Na ce masa hannu ne, ba kowa Allah ke ba ba. Da na shiga gida na ba Hajo labari ina dariya, sai ta ce, "Allah ya ƙara wa hannun albarka, Malam," ta ci gaba da tankaɗe.

Ta rasu ana shiga zafi, bayan jinyar mako biyu. Ba zan tsawaita a nan ba.

Ranar arba'in, an gama addu'a, maza na zaune a ƙofar gida. Malam Isa ya ɗaga kai ya dubi rassan da suka leƙo ta saman katanga. Ganyen ya yi rawaya, yana zuba. Ya ce, "Baban Asma'u, mi ya samu gwaibarka?"

Da na ce ban sani ba, da na huta. Amma kwana arba'in ke nan ba abin da nake cewa sai "amin" da "na gode", sai ga tambayar da nake ganin na fi kowa sanin amsarta. Na gyara zama irin na dā. Na ce baki ne. Na ce icce ba ya son yawan yabo, kuma akwai waɗanda tasu ta ƙi, idonsu na kan ta wasu. (Allah ya yafe mini, har da duban Malam Isa na yi.) Na ƙare da cewa, "Icce ne da shekara goma sha ɗaya bai sha ruwan kowa ba sai na sama."

Ashe Yaya Tumba, yayar Hajo, tana tsaye a bakin zaure da kwanon waina na sadaka. Tsohuwa ce da ba ta iya rage murya ba. Ta ajiye kwanon ta ce, "Wane baki? Ƙishirwa ta."

Na ce, "Yaya, ai ba ta shan ruwa."

Ta ce, "Bokiti biyu take sha kullum. Kana fita masallaci da asuba, Hajo ke jawo su a rijiya ta zuba mata, ta watsa busasshiyar ƙasa a kai don kada ka gani. Har ranar da ta kwanta."

Ba wanda ya yi dariya. Da sun yi, da ya fi mini sauƙi. Liman ya shiga neman wani abu a aljihunsa. Malam Isa ya ɗauki waina ya tsura mata ido kamar bai taɓa ganin waina ba.

Na ce, "Don mi ba ta faɗa mini ba?"

Yaya Tumba ta ce, "Na ce ta faɗa. Ta ce a bar ka, abin da kake jin daɗin faɗi ke nan in ka fita."

Na tashi na shiga gida. Bayan gwaibar akwai wani tsohon bokiti mai faci a gindi, kife a kan dutse. Kullum ina wuce shi, ban taɓa tambayar aikinsa ba.

Yanzu ni ke jan ruwan. Bokiti biyu ba wasa ba ne, ƙuguna ya shaida. Rabin iccen ya mutu, rabi ya farfaɗo. Na je har Morai na ba Malam Isa haƙuri, na kai masa dashe na uku. Ya juya shi a hannu ya ce, "Wagga ma ba ta shan ruwa?"

Na ce, "Tana sha. In ka ga abu na tafiya daidai a gidanka, kai kuma ba ka yin komai, to tashi da wuri ka ga wa ke yi."