Farfesan Ƙuraje na Bodinga

Duk faɗin Bodinga, in ana zancen ilimin fata, sai a gyara zama a ambaci Na'Allah mai shagon man shafawa. Sati biyu kacal ya yi a Abuja wajen bikin ɗan wansa, amma ya dawo da tabarau da farar riga irin ta asibiti, da sunan Dakta wanda shi ya raɗa wa kansa. Masu keke napep kan kira shi Farfesan Ƙuraje, shi kuma ya ɗaga musu hannu a hankali, ya yi gaba.

Babban bincikensa shi ne sitiroberi, wasu jajayen 'ya'yan itace da ake aiko masa daga Jos a 'yar roba.

"Jama'a, ƙurajen fuska rashin wayewa na," in ji shi. "Duk wanda yac ci wanga abu kwana bakwai, fuskatai madubi za ta koma. Magarya da kanya kuwa, ku bar ma awaki."

Don koyar da al'umma, kullum bayan la'asar yakan zauna a ƙofar shago ya ci nasa da cokali, bayan ya malale shi da madarar gwangwani da sukari.

Ana haka sai ga Safinatu, wata tela daga Shagari. Bikinta saura wata guda, ga kumatu duk ƙuraje, har ta daina ɗaga kai in tana auna masu ɗinki. Dakta ya haska ta da fitilar waya, ya girgiza kai, ya haɗa ta da sitiroberi roba uku da wani mai na musamman da ya kwaɓa da hannunsa. Kwana goma fuska ta ƙara rincaɓewa. Ta sha kukanta, sannan ta tafi asibiti. Nas ta ce mata 'ya'yan itace na da amfani ga jiki, na Jos ko na dawa, amma babu mai share ƙuraje a sati guda. Ta hana ta shafa man, ta ba ta magani.

A nan Bodinga kuwa, fuskar Dakta ce ta fara tsiro. Da farko ya bayyana wa jama'a cewa dafin jiki ne ke fita. Da dafin ya ƙi ƙarewa, sai ya ɗaura takunkumi, ya ce ƙa'idar aiki ce.

Ana jibi biki Safinatu ta shigo kasuwa sayen zare, fuska ta lafa. Dakta ya hango ta, ya tara mutane, ya ce kowa ya zo ya ga aikin ilimi.

Ta gaishe shi da ladabi, ta ce sitiroberin dai akwai daɗi, amma man nasa ta bari, shi ne ta samu sauƙi. Sannan ta rage murya, duk da kowa ya ji.

"Dakta, nas ɗin ran Talata take ganin mutane. In ka tai da sassafe, babu wanda zai gane ka."