Yadda Za Ka Ci Gaba da Auna Tsawon 'Ya'yan da Suka Gama Girma

Kai uban da ya saba jera yara a ƙofar ɗakin girki duk hutun ƙarshen shekara yana ja musu layin tsawo da fensir, yanzu sun girma sun watse suna neman kashe maka al'ada? Bi matakan nan. Na yi maka alkawari, ko mai furfura sai ya tsaya.

1. Tsare ƙofar

Uwarsu za ta ce ƙofar ta yi dauɗa, a kira mai fenti. Ka ce ka ji. Ranar da zai zo, ka ɗauko kujera ka zauna a wurin har ya gaji ya tafi.

2. Jawo su gida

Babban zai ce, "Baba, aiki ya yi mana yawa bana." Kada ka roƙe shi, roƙo zubar da girma ne. Yi tari sau biyu a waya, ka ce ba komai, ka kashe. Kafin jibi kowa ya iso.

3. Jera su

Babban zai ce, "Haba Baba, shekara goma sha biyu ban ƙaru ba." Dubi tumbinsa da kyau, ka ce ya cire takalmi.

4. Samar da ci gaba

Ɗan karkata fensirin sama. Masana sun tabbatar cewa kitson 'yarka ma tsawo ne. Rubuta shekarar a gefe kana gyaɗa kai. In duk layin ya tsaya wuri ɗaya, me zai dawo da su baɗi?

5. Kada ka saki fensirin

Nan ni na yi sake. Bara auta ta fizge shi ta ce, "Baba, kai ma jingina." Ashe can sama akwai layina, wanda uwarsu ta ja shekarar da muka fara. Auta ta ja sabon, ya sauka ƙasa da tsohon da yatsa biyu. Dariyar ta tsaya cak. Ni dai tsoro ya kama ni.

Babban ya karɓi fensirin ya sa a aljihu, ya ce, "Baɗi ni zan auna ka. Ba sai ka yi tari ba."

Gargaɗi: marubucin ba shi da hannu a ciwon baya, fushin mai fenti, ko ƙwallar da ta zubo wa wani a gaban 'ya'yansa. Ƙofarka ce, kai ka ja layin.