Yadda Ake Ƙara wa Mace Shekara Goma Kafin La'asar

Sabuwar doka ta ce bawan da ya kai sittin da biyar ya 'yantu, babu sharaɗi. Wadda kake so kuwa hamsin da shida gare ta. Kada ka zauna jiran shekara tara. Bi matakan nan, tabbas za ta fita. Ɗanbaba, mai sharar wani ofishin rajista, ya gwada saboda Asma'u mai ƙosai, kuma har yau yana da rai.

1. Zama jahili.
Shekara goma sha ɗaya Ɗanbaba na riƙe takarda kai ƙasa a gaban magatakarda. Shi ya sa ake bar masa kundin bayi a buɗe idan an fita cin abincin rana.

2. Nemo layinka.
Kundin layi-layi ne daga sama zuwa ƙasa: suna, launi, shekaru, sana'a. Na uku kaɗai ne naka.

3. Kada ka gyara mutum ɗaya.
Gyara guda zamba ce. Gyara arba'in kuwa, haka hannun magatakarda yake. Kafa ƙa'ida: duk inda 5 ta zo gaba, wata lamba na biye da ita, ko wacce ce, rufe mata ciki ta koma 6. Ta baya, ƙyale ta. Ɗanbaba bai ko kalli sunaye ba, wai suna sa hannu rawa.

4. Kai albishir da kanka.
Ɗanbaba ya tarar da ita tana suya a kasuwar Água de Meninos.

"Asma'u, kin fita! Takarda ta ce sittin da shida."

"Sittin da me? Wane ɗan banza ya rubuta?"

"Kuskuren Turawa ne."

"To, Allah ya yi wa kuskuren albarka, ya kuma karya masa hannu."

5. Da ma ka kalli sunayen.
Layi huɗu ƙasa da nata akwai Idirisu ɗan dako, hamsin da takwas, wanda ya shekara ashirin yana sayen ƙosan da ke ɓata masa ciki. Ƙa'ida ba ta san abokin takara ba. Shi ma ya fita.

Da Ɗanbaba ya kai maganar aure, sai ta dube shi sama da ƙasa.

"Haba yaro, arba'in da nawa ma kake? Ni da hukuma ta ba sittin da shida? Sa'ana zan aura."

Gargaɗi: mai wannan takarda ko harafi bai sani ba, a tambayi magatakarda. Wanda aka kama, shi ya jiyo. Alkawarin da aka yi dai za ta fita ne. Ba a ce gidan wa za ta shiga ba.