Inabin da Aka Sa wa Safa

Duk faɗin Handsworth, kai har ka gangara Lozells, babu manomi kamar Alhaji Osmanu. In kana musu, je ka tambayi Alhaji Osmanu. Shi ne Sarkin Noman Birmingham, Garkuwan Inabi, Dodon Sanyi, sarautun da ya naɗa wa kansa da kansa don ya rage wa jama'a wahala. Gaskiya ne a Zangon Kumasi aka haife shi, a gidan da ko barkono ba a taɓa shukawa a gwangwani ba. Gaskiya ne kuma aikin da ya yi a Ingila har ya yi ritaya gadin sito ne, ya rufe ƙofa ya girgiza kwaɗo. To sai me? Baiwa ai ba ta tambayar asali.

Da council, wato hukumar gari, ta ba shi ɗan fili a lambun haya na unguwa, wanda ake ce wa allotment, sai ya tarar da ɗakin gilashi a ciki, da tsohon itacen inabi da mai wurin na da ya bari. Shekara da shekaru itacen nan yana 'ya'ya cikin jahilci, ba mai yi masa jagora. Sai bana Allah ya haɗa shi da gwani.

Ilimin Alhaji kuwa ba mai yawa ba ne, amma mai zurfi ne: iska ita ce uwar kowace cuta. Tun ranar da ya sauka ƙasar nan sanyi ya mare shi a kunne, bai yafe ba. Tagogin gidansa duk ya bi su da salatif. Da bangon ɗaki ya yi baƙi GP, likitan unguwa, ya ce a riƙa buɗe taga, Alhaji ya ce yaro ne, bai san duniya ba.

A cikin wannan gida mai albarka aka raini Hikma, 'yarsa tilo. Yarinya ta ci jarrabawa, uni, wato jami'ar Manchester, ta ba ta gurbin karatun haɗa magunguna, ga ɗaki yana jiran ta a flat ɗin Hajar, ƙanwar uwarta, a Hulme. In ba ta je ba kafin watan Satumba ya fita, gurbi ya tafi. Alhaji ya gyara zaman hularsa ta ulu ya yanke hukunci.

"Manchester? Garin da ruwa ba ya ɗaukewa, iska tana shiga mutum ta hanci ta fita ta ƙeya? Suweiba, ni na san sirrin halitta. Duk abin da kake so, killace shi. Ku zuba ido ku ga inabina bana, sannan a zo a yi mini maganar Manchester."

Hajiya Suweiba, matarsa, ta yi magiya har ta gaji. Hikma ta yi kuka har ta daina, kuma shirun nan ya fi kukan ci wa uwar rai. Baƙin ciki ya ishe ta, amma ta san mijinta: ba a karɓar abu daga hannunsa, sai dai ya sake shi da kansa yana taƙama.

Alhaji ya shiga aiki. Ya toshe kowace kafa ta ɗakin gilashi da tsumma. Tagar sama, wadda jahilan da suka ƙera ɗakin suka yi don a riƙa buɗewa, ya ɗaure ta da waya. Ya manne gilashin da leda ciki da bai, har rana ta koma leƙe. Ya zuba taki kamar mai biyan bashin gaba, ganye ya yi ta tofowa yana hawa kan ganye. Maƙwabta suka ce ya rage ganyen don iska da haske su kai ga 'ya'yan. Ya ce shi bai taɓa ganin inda aka tuɓe wa mutum riga don ana ƙaunarsa ba.

Da bazarar Turawa ta yi nisa, sai wani farin abu ya bayyana a kan ganye, kamar an barbaɗa garin rogo. Duk wanda ya leƙa ya san fumfunar inabi ce, wadda ba abin da take so irin ɗumi da inuwa da iskar da ba ta motsi. Clara, dattijuwar da filinta ke manne da nasa, ta ce masa ya buɗe ƙofa, ya cire ganyen da suka kamu, ga ragowar farar wuta tana da ita in zai fesa. Alhaji ya yi mata murmushin da malami ke yi wa ɗan aji ɗaya.

"Madam Clara, mura ce. Sanyi ne ya sami kafa ya shige shi. Mu da muka fito ƙasar rana mun fi ku sanin sharrin sanyi, ku da kuka saba da shi har kun daina ganin laifinsa."

Clara dai a Jamaika aka haife ta, ita ma ƙasar rana.

Ya tsananta bincike, ya kuwa gano kafar. Can ƙasa ta bayan ɗakin, gilashi ɗaya ya fashe, wani reshe ya zura kai ta nan ya fice, ya bi shingen Clara ya miƙe abinsa cikin iska da ruwa. Alhaji ya kira shi ɗan tawaye, ya ɗauko almakashi. Clara ta ce abin da ya tsallako shingenta baƙonta ne, kada a taɓa shi. Sai ya toshe ramin da tsohuwar hula, ya sallama reshen ga halaka, ya ce wanda bai ji bari ba ya ji hoho.

Su kuwa 'yan ciki masu biyayya, aka ƙara musu gata. Ya kawo hita mai kananzir ya kunna, a watan da Turawa ke yawo da gajeren wando. Gilashi ya riƙa zufa. Sannan ya zo da fasahar da tarihi zai daɗe yana tunawa: ya kwaso safunansa na ulu, ya zura kowane nonon inabi a cikin safa ɗaya, ya ɗaure bakin. Ya hana kowa buɗewa, har shi kansa, kada iska ta shammace shi. Wani wari ya fara tashi kamar na tabarmar da ta kwana a ruwa. Alhaji ya shaƙa ya ce ƙanshin nuna ne.

Gwani ba ya ɓoye haskensa. Bayan sallar Juma'a ya tsaya a ƙofar masallaci ya gayyaci kowa da kowa bikin buɗe inabi, ranar Lahadi ta tsakiyar Satumba. Hajiya Suweiba, wadda hancinta lafiya lau yake, ta taya shi gayya da himmar da ta ba shi mamaki. Ta dafa wake da shinkafa tukunya guda, ta kira dattawan Zango na Lozells ɗaya bayan ɗaya. Ta kuma kira Hajar ta ce ta taho daga Manchester da mota, kada ta sa komai a but ɗin motar.

Ranar ta zo. Alhaji ya sha babbar riga a kan suwaita biyu, ya tsaya a bakin ɗakin gilashi ya yi jawabi a kan tarbiyya, da killacewa, da iyayen zamani masu sakin 'ya'yansu kamar awaki. Ya dubi Hikma da kyau don ta san da wa ake. Sannan ya buɗe kwaɗo. Warin da ya fito ya sa liman ya ja da baya yana gyaran murya.

Alhaji ya kutsa cikin ganyen da suka yi fari suka nannaɗe, ya tsinko safa mafi nauyi, ya ɗaga ta sama, ya yi bisimilla ya zare. Abin da ya fito ba shi da suna. 'Yan ƙwallaye ne masu launin toka, sun tsattsage, sun yi gashi, rabinsu ya bi safar. Ya zare ta biyu. Ya zare ta uku. Sai wani dattijo ya ce Allah ya kyauta, a hankali, kamar a gidan makoki.

Ana cikin haka sai ga Clara ta zagayo da faranti, ba ta san ma an yi mutuwa ba. Tun farkon bazara take rage wa baƙon nata ganye, in za ta fesa wa shukokinta farar wuta ta ɗan fesa masa. Ga nonon inabi nan baƙi sidik, tsaf da shi, ɗan tawaye ya haifa. Ta ce ai itacen Alhaji ne, baƙinsa su ɗanɗana. Aka ɗanɗana, da ɗan tsami, amma inabi ne. Faranti ya zagaya, ana ta masha Allah.

Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Alhaji ya tura safa aljihu, ya karɓi farantin daga hannun Clara, ya buɗe ƙirji.

"Jama'a, kun ga darasin da na shirya muku ke nan. Da gangan na kulle waɗancan, da gangan na saki wannan. Ni na fasa gilashin da hannuna. Mai ilimi ya san duk abin da kake so, sai ka bar shi ya fita ya sha iska, ruwa ya dake shi, sannan ya yi albarka. Wanda ya kulle abin da yake ƙauna, jahili ne, ko waye shi."

Dattawa suka gyaɗa kai, liman ya ce wannan magana haka take. Alhaji yana cikin karɓar yabo Hajiya Suweiba ta ajiye ludayi, ta goge hannu a zani, ta matso inda kowa zai ji.

"Malam liman, kun dai ji da kunnenku. Allah ya ƙara wa Alhaji basira. Hikma, zo ki yi wa babanki godiya, antinki na jira."

Akwatin kuwa tun safe yana but ɗin Hajar. Yarinya ta durƙusa ta yi godiya tana hawaye, jama'a suka sa albarka, liman ya ja doguwar addu'a. Sarkin Noman Birmingham ya dubi dattawan Zango da suka shaida maganarsa. Hannu ya ɗaga tare da kowa ya shafa fatiha.

Da motar ta tashi sai iska ta taso, hancinsa ya fara yoyo. Ya laluba aljihu neman hankici, ya jawo ya share fuska, da safa.