Kifin Farfesa Basiru Mai Jini Biyu

Duk wanda ya zo Yelwa bai ga Alhaji Basiru ba, to ruwa ya gani da jirage, bai ga Yawuri ba. Mutum ne da Allah ya ba ilimin da ya fi ƙarfin garinsu. A kasuwa kayan gyaran injin jirgin ruwa yake sayarwa, amma wannan don tuwo ne kawai, zuciyarsa tana wajen kimiyya. Shi ne ya fara gano cewa mutanen bakin tabkin Kainji, tun kaka da kakanni, kuskure suke yi da kifi: su kama, su banda, su ci, alhali kifi abin kallo ne. Saboda wannan bincike maƙwabtansa na kasuwa suka laƙaba masa Farfesan Ruwa. Da dariya suka ba shi sunan, shi kuwa ya karɓa da hannu biyu, ya sa aka rubuta masa a bayan mota.

A tsakiyar falonsa akwai akwatin gilashi cike da ruwa, da yashi da duwatsu da ɗan injin da ke hura kumfa. Nan kujerar matarsa Suwaiba take a da, aka matsar da ita bakin ƙofa. In wuta ta ɗauke, batirin sola na kifi ne; fanka da firij sai su yi haƙuri, mutanen gida kuma akwai mafici.

Mazauna akwatin su uku ne, daga Legas aka kawo su cikin leda mai iska. Loci ake kiran irinsu. Ba su wuce tsawon yatsa ba, jikinsu zane-zanen baƙi da ruwan ɗorawa, ga ɗan gashin baki. Farfesa ya raɗa masu suna Sanata da Minista da Jakada. Wani baƙo da ya taɓa cewa ai sun yi kama da 'ya'yan kurungu, har yau ba a sake ba shi shayi a gidan ba. Yawancin yini kifayen suna ɓoye cikin wani guntun bututu, sai mai ziyara ya durƙusa ya yi ta leƙe har gwiwa ta yi tsami. Farfesa yakan ce haka manya suke, ba kullum ake ganinsu ba.

Abin da ya fi faranta masa rai shi ne kifayen gauraye ne. Wanda ya sayar masa ya ce iri biyu aka haɗa a gidan kiwo, uban ɗan kogunan Indiya, uwar daga Indonesiya.

"Ku duba ku gani," in ji Farfesa, hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a kan gilashi. "Kifinku na tabki ƙasa guda gare shi, ita ma bai san iyakarta ba. Wanga kuwa jini biyu ne, ƙasa biyu, wayo biyu. Ko a kogunan duniya ba a samun irinsa, sai a gidan mai ilimi."

To, mai ilimi ba ya rasa mahassada. Akwai Malam Elijah, malamin sakandare a Wara, shi ma yana kiwon loci, amma tsantsa. A guruf ɗinsu na waya, wanda suka kira Ƙungiyar Masu Kifin Ado, kullum sai ya rubuta cewa gauraye ɓata iri ne, kifin da ba a san inda za a jingina shi ba, kuma in aka ci gaba da haka jikokinmu ba za su san kamannin na asali ba. Farfesa ba ya amsawa a rubuce. Saƙon murya yake turawa, mai tsawon da sai mutum ya sa waya a caji kafin ya ƙare ji.

'Yan ƙungiyar ba su cika tabarma guda ba, amma sun ga lokaci ya yi da za a yi shugaba. Farfesa da Malam Elijah suka fito. Farfesa ya riga ya faɗa wa duk layin masu injin cewa kujerar tasa ce, ya ɗinka babbar riga mai aikin kifi a wuya. In ya faɗi, da wace fuska zai buɗe shago?

Sai ya kawo shawara mai zurfi: a naɗa uban ƙungiya, ya duba kifin kowa, wanda ya zaɓa shi ne shugaba. Ya ba da sunan Alhaji Muslim, dattijo mai jirage da yawa, wanda bandarsa ke cika motoci zuwa kudu, kuma tsohon abokin cinikinsa. Kowa ya yarda, don ba mai iya cewa a'a ga Alhaji Muslim. Suwaiba ce kaɗai ta tambaya ko dillalin banda ne ya dace da kallon kifi mai rai. Farfesa ya yi mata murmushin tausayi, ya ce siyasa ba fannin kowa ba ce.

Ranar ziyara Farfesa ya hana kifayen abinci tun safe, don yunwa ta fito da su. Dabarar ta ci. Da dattijon ya zauna gaban 'yan ƙungiya aka watsa ɗan abinci, sai ga Sanata da Minista da Jakada suna wasan tsere. Alhaji Muslim ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo, ya ce masha Allahu, bai taɓa ganin kifi mai kyan jiki haka ba.

Kan Farfesa ya kumbura har hula ta matse shi. Ya dubi Malam Elijah ta gefen ido, sannan ya faɗi abin da mai mutunci ke faɗa in babba ya yaba kayansa.

"Ai naka ne, ranka ya daɗe."

Ya tsaya jiran a ce Allah ya bar masa abinsa, kamar yadda ake yi in an yaba riga ko agogo. Ya manta da cewa a bakin ruwan nan riga ake mayarwa, kifi kuwa ba a mayar da shi, don mayar da kyautar kifi raini ne ga mai bayarwa. Alhaji Muslim ya yi godiya, ya sa albarka, ya ce direbansa ya shigo da bokiti.

Farfesa da kansa ya kwashe su, yana murmushi haƙora waje. Ya bi bokitin har mota yana bayanin ɗumin ruwa da yawan abinci, dattijon yana gyaɗa kai. Kafin la'asar ya samo wa abin fassara: ya gaya wa Suwaiba cewa yanzu kifinsa ya shiga manyan gidaje, wannan ai ci gaba ne.

Ran taron yanke hukunci Farfesa ya zo cikin rigar nan mai kifi a wuya. Alhaji Muslim ya yi gyaran murya.

"Alhaji Basiru, na duba kifinka da kyau. Hajiya ta soya mini su. Gaskiya ƙaya ta yi masu yawa, akwai ma wata a ƙarƙashin ido da ta soke ta a yatsa. Amma ɗanɗanon ba laifi." Ya juya wajen Malam Elijah. "Adalci dai shi ne in ji naka ma, Malam, tunda ka ce su ne na asali. Ka aiko da su gobe, sai in faɗi wanda ya fi."

Malam Elijah ya miƙe a hankali. Ya ce ya yi tunani, ya ga Alhaji Basiru ya girme shi, ya fi shi cancanta, don haka ya janye. Ya tuna kuma akwai takardun ɗalibai da ke jiransa a Wara. Sauran, da suka ji uban ƙungiya na cewa zai zagaya gidan kowa bi da bi, kafin yamma sun fice daga guruf ɗaya bayan ɗaya, har da Malam Elijah.

Haka Farfesan Ruwa ya zama shugaba ba hamayya. Ya yi jawabin godiya, ya ce tarihi zai rubuta cewa gauraye ya kayar da tsantsa. Ƙungiyar yanzu mutum biyu ce, shugaba da uba, kuma ba mai kifin ado a cikinsu. Uban dai bai yi sakaci da aikinsa ba. Duk ranar kasuwa sai ya tsaya bakin shagon Farfesa ya tambayi yaushe sababbi za su iso daga Legas, ya kuma roƙi a bar su wannan karon su ɗan yi tsoka.